MAI TAƁIN HANKALI MA YANA DA JIKI: KIRA GA 'YAN JOS MAZAUNA KUDU

Hausawa sun ce jiki magayi. Ma'anar wannan magana ita ce jiki yakan sanar da mai shi abin da ke damunsa, shi kuma ya sanar da danginsa, su tashi su nema masa magani. Amma akwai mutum guda a cikin al'umma wanda jikinsa yake gaya masa, shi ma ya buɗe baki ya faɗa, a rasa mai sauraronsa. Wannan mutum kuwa shi ne mai taɓin hankali. Daga ranar da aka ce wane ya taɓu, duk ciwon da zai ambata an riga an raɗa masa suna. In ya ce ƙirjinsa na ciwo, sai a ce abin nasa ne ya motsa. In ya rame, a ce ai ba ya zama wuri ɗaya. In ya shiga yawan shan ruwa da yawan fitsari, a ce mutanen kansa ne ke sha. Haka za a yi ta yi masa fassara har ranar da za a wayi gari a tarar ya cika, sa'an nan a ce hauka ya kashe shi, alhali kuwa tarin fuka ne, ko ciwon sukari, ko hawan jini, watau cututtukan da maƙwabcinsa yake kai wa asibiti a ba shi magani ya koma harkokinsa.

Wannan magana ba zato ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayyana cewa rayuwar masu taɓin hankali mai tsanani takan gaza ta sauran jama'a da shekara 10 zuwa 20, kuma mafi yawan wannan mutuwa ta wuri cututtukan jiki ne ke jawo ta: ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon sukari, cututtukan huhu, tarin fuka, ciwon hanta da ƙanjamau. Dukansu ana iya tsare su ko a yi maganinsu in an gano su da wuri. Saboda girman matsalar ne hukumar ta fitar da jagora na musamman a 2018 a kan yadda za a kula da lafiyar jikin waɗannan bayin Allah.

Batun ya shafi 'yan Arewa mazauna Kudu fiye da yadda wasu suke zato. Manyan motocin da ke sauke dankalin Turawa da kabeji da karas a kasuwar Mile 12 ta Legas da yawansu daga Jos suka taso, kuma a Agege da Idi Araba, da Sabon Ibadan da na Shagamu, har Fatakwal da Onica, akwai ɗimbin magidanta da samari waɗanda iyayensu suke Gangare ko Dilimi, ko Unguwar Rogo, ko Rikkos, ko Nasarawa, ko Bukuru. Su ne masu aika kuɗin magani ƙarshen wata. Su ne kuma ake bugo wa waya in jikin wani ya rikice a gida. Saboda haka abin da suka ce a yi da kuɗinsu, shi ake yi, kuma nan ne gyara zai iya farawa.

Jos ba ta rasa asibitoci ba. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wanda aka fi sani da JUTH, mai sashe na musamman na likitocin ƙwaƙwalwa. Akwai Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham wanda kowa ke kira Jankwano, da asibitin OLA, ga kuma tsohon asibitin mishan na Vom a wajen gari. Garuruwan Arewa da dama za su so a ce su ke da rabin wannan. Duk da haka, tsakanin mai taɓin hankali da gadon asibiti akwai shingaye jere, kuma kowannensu ya isa ya mai da shi gida.

SHINGEN CIKIN GIDA

Shinge na farko a cikin gida yake. Iyali da yawa suna ɗaukar taɓin hankali abin kunya, wanda in ya fita zai hana 'yan matan gidan samun miji, samarin kuma a hana su mata. Don haka sai a ɓoye marar lafiya a ɗakin baya. Wanda aka ɓoye kuwa ba a ɗaukarsa a kai shi layin karɓar kati, inda rabin unguwa za su gan shi. In an fita da shi ma, da dare ne, zuwa wurin mai ruƙiyya, ko gidan addu'a, ko wurin mai maganin gargajiya, gwargwadon addinin gidan da abin da suka gaskata.

A wasu irin waɗannan wurare har yanzu mari da sarƙa suna cikin kayan aiki. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma a watan Oktoba aka sake gano irin wannan a Daura. A watan Nuwamba na wannan shekarar ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa dubban masu taɓin hankali suna ɗaure a faɗin Nijeriya, a gidajen malamai da na coci da na masu maganin gargajiya, har da wasu wurare na hukuma. Abin da ba a cika ambatawa ba shi ne ɓarnar da ɗaurin yake yi wa jiki. Ƙarfe yakan ci idon sawu ya zama gyambo, gyambon ya ruɓe. Mutum goma a ɗaki ɗaya marar taga, in ɗaya yana da tarin fuka, sauran sun samu. Azumin dole da hana ruwa kuwa suna iya hallaka mai ciwon sukari ko mai ciwon ƙoda cikin 'yan kwanaki.

Adalci ne a faɗi cewa ba mugunta ce ke sa yawancin iyaye yin haka ba. Gwauruwar da take da ɗa ƙato wanda ke fita tsakar dare ya bi titi, ita kuma tilas ta fita talla da safe, in ta kulle shi, tsoron kada mota ta buge shi ne ya sa. Amma kyakkyawar niyya ba ta warkar da gyambo, kuma wanda ke aiko mata da kuɗi daga Legas yana da ikon sauƙaƙa mata wannan zaɓi.

CIWON JIKI MAI KAMA DA HAUKA

Akwai wani haɗari wanda ya fi wannan gaggawa. Ba duk wanda ya rikice yana sambatu ne ke da ciwon ƙwaƙwalwa ba. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yakan sa mutum ya fita hayyacinsa. Taifot ma haka, kuma likitocin ƙasar nan sun daɗe da sanin wannan. Sanƙarau, da faɗuwar sukarin jini, da gazawar ƙoda ko hanta, da buguwa a ka, da barin giya farat ɗaya ga wanda ya saba da ita, duk suna iya sa mutum ya yi ta fizge-fizge, ya kasa gane danginsa, ya ga abin da babu. Maijego wadda ta rikice 'yan kwanaki bayan haihuwa tana iya zama da ciwon ƙwaƙwalwa na bayan haihuwa, tana kuma iya zama da zazzaɓin da ya shiga jini ta mahaifa. Kowanne daga cikin biyun na asibiti ne, na biyun kuwa ba ya jiran gobe.

Alamar da ya kamata kowane magidanci ya riƙe ita ce wannan: in rikicewar ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman tare da zafin jiki, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko yawan barcin da ba a saba gani ba, to, a fara da asibiti kafin ko'ina. Wannan doka ta haɗa har da wanda aka riga aka san yana da taɓin hankali. Hasali ma shi ya fi shiga haɗari, domin in ya rikice ba wanda zai taɓa goshinsa ya ji ko da zazzaɓi.

A nan ne 'yan ci-rani suke yin wani kuskure mai tsada. In yaro ya rikice a zango, abin da aka saba shi ne a yi karo-karo, a ɗaure masa hannu da rawani, a ɗora shi bayan motar da ta sauke kaya, a ce a mai da shi gida a yi masa na gida. Daga Legas zuwa Jos tafiya ce ta wajen kilomita 1,000. Mai sanƙarau ko zazzaɓin da ya hau kai, wanda allura da ƙarin ruwa za su iya ceto a daren, zai yi wannan tafiya cikin rana da iska ba ci ba sha. Wasu gawarsu ce ke isa.

HANYA DA RABUWAR GARI

Shinge na biyu hanya ce. A da asibitin koyarwa yana tsakiyar gari, dab da kasuwar Terminus, inda mutumin Gangare ko na Tudun Wada zai iya takawa da ƙafa. Daga baya ya koma mazauninsa na dindindin a Lamingo, gefen gari. Ginin ya fi girma, amma ga wanda zai kai marar lafiyar da ba ya zama lafiya a motar haya, ƙaura ta zama kuɗin shatar mota ko Keke, zuwa da dawowa, da mutum biyu masu riƙo. Wannan ga mazauna Jos ke nan. Jihar Filato tana da ƙananan hukumomi 17, kuma ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa galibinsu a Jos suke. Mutumin Wase ko Ɗengi ko Shendam, da na Toro a Jihar Bauchi ko Saminaka a Jihar Kaduna, yini guda zai kashe, wani lokaci har da kwana.

Sa'an nan ga tabon da rikice-rikice suka bar wa garin. Bayan na Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, mutanen da suka yi shekaru suna maƙwabtaka sun rabu, Musulmi suka tattara a wasu unguwanni, Kirista a wasu. Bama-baman da suka tashi a Terminus ranar 20 ga Mayu 2014, waɗanda suka kashe mutum fiye da 100, sun ƙara tsoro a zukata. An samu sauƙi ƙwarai, amma har yau in gari ya ɗauki zafi, kowane ɓangare yakan auna unguwar da zai ratsa kafin ya nufi asibiti, kuma dokar hana fita takan katse wa marasa lafiya magani. Mai hankali yana jin labari ya kauce. Wanda ke yawo a titi bai san an sa doka ba. Kuma waɗannan fitintinu su kansu sun bar mutane da yawa da firgita da rashin barci da damuwa mai tsanani, wasu kuma suka faɗa shaye-shaye, abin da ke cin hanta da ƙoda da huhu.

Kada a manta da sanyi. Jos tana bisa tudu mai tsawon wajen mita 1,200, kuma duk wanda ya yi Disamba da Janairu a garin ya san hunturunta. Masu taɓin hankalin da ke kwana a barandar shaguna da tashoshin mota, ba bargo ba rigar kirki, ciwon haƙarƙari ne ke ɗauke su. Da safe a ce an tsinci gawar wani mahaukaci, hukuma ta sa a kwashe, ba mai tambayar tarin da ya yi mako biyu yana yi a gaban jama'a.

BAKIN ƘOFAR ASIBITI

Shinge na uku yana cikin asibitin kansa. Kowa ya san yadda jinya take a asibitocin ƙasar nan. Ɗan'uwan marar lafiya ne ke yankar kati, shi ke bin layin biyan kuɗi, shi ke kai jini ɗakin gwaji, shi ke sayo magani da safar hannu, shi ke neman mai ba da jini, shi ke kawo abinci ya kuma kwana a baranda. Tsarin gaba ɗaya an gina shi ne bisa zaton kowane majinyaci yana da mai jinya. Mai taɓin hankali kuwa sau da yawa shi ne wanda dangi suka gaji da shi. In ba mai tsaya masa, ko an ba shi gado, aikin ba ya tafiya.

Ga kuma kuɗi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fita kai tsaye. Wanda ciwo ya raba da sana'arsa ba shi da aljihu. Iyalin da suka yi shekara biyar suna sayen maganin ƙwaƙwalwa duk wata, in aka ce su ƙara da kuɗin awon jini ko hoton ƙirji, sai su ce a bari sai wata mai zuwa.

Bayan wannan akwai halin wasu ma'aikata. Da zarar an ga a kati cewa mutum yana zuwa sashen ƙwaƙwalwa, ko aka gan shi da datti yana magana shi kaɗai, sai a ce ba nan ne wurinsa ba, a tura shi can. A can kuma a ce ciwon cikin da ya kawo shi na likitan tiyata ne, a sake turo shi. Tsakanin wannan ƙofa da waccan, hanjin da ya toshe ba ya jira. Masana aikin likita a ƙasashen duniya sun tabbatar da wannan hali: sunan ciwon ƙwaƙwalwa yakan rufe wa likita ido, ya kasa ganin ciwon jikin da ke gabansa, har a Ingila da Amurka inda ba a kukan kayan aiki.

Ma'aikatan suna da nasu uzuri, kuma ya kamata a ji shi. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya, bisa ƙididdigar da ƙungiyarsu ta yi ta bayarwa a 'yan shekarun nan, ba su wuce 300 ba ga jama'a fiye da miliyan 200, ga shi kuma likitoci da ma'aikatan jinya suna ta ficewa ƙasashen waje. Nas ɗaya mai kula da ɗaki cike da majinyata da dare tana da dalilin jin tsoron wanda ke fizge robar ƙarin ruwa. Amma gaskiyar da bincike ya nuna ita ce mafi yawan masu taɓin hankali ba sa dukan kowa, su ne ma aka fi duka. Ƙarancin ma'aikata dalili ne na a koya wa kowane nas da kowane likita yadda ake lallashin irin wannan majinyaci. Bai zama hujjar a kore shi ba.

MAGANIN MA YANA DA NASA

Akwai abin da iyalai da yawa ba a taɓa gaya musu ba. Magungunan ƙwaƙwalwa suna aiki, sun kuma mai da dubban mutane cikin iyalinsu da sana'arsu, saboda haka ba a barinsu sai da izinin likita. Amma suna da nauyi a jiki. Wasu, kamar olanzapine, suna sa ƙiba da yawan ci, su buɗe ƙofa ga ciwon sukari da kitse a jini. Tsofaffin irin su chlorpromazine da haloperidol suna iya kawo rawar hannu da sandarewar jiki. Lithium yana bukatar a riƙa duba ƙoda. Maganin tarin fuka mai suna rifampicin kuwa yana rage ƙarfin wasu magungunan ƙwaƙwalwa, don haka tilas likitan tari da likitan ƙwaƙwalwa kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya rubuta.

Abin da ke faruwa a gidaje da yawa shi ne a je asibiti sau ɗaya, a karɓo takarda, daga nan sai a riƙa kai tsohon kwali kantin magani ana sayo irinsa shekara da shekaru. Marar lafiya ya yi shiru, ya yi ƙiba, dangi su ce alhamdu lillahi ya samu lafiya har ya murmure. Ba wanda ya auna jininsa ko sukarinsa sai ranar da ya yanke jiki ya faɗi.

DOKA TA SAUYA, SAURA AIKI

Shekaru da yawa dokar da ke mulkin wannan fanni ita ce ta zamanin Turawa, wadda aka kafa a 1916 aka sabunta a 1958, kuma manufarta tsare mahaukaci ce don kada ya dami jama'a. A watan Janairu na 2023 aka ba da sanarwar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta amince cewa mai taɓin hankali yana da haƙƙi irin na kowa, ta hana nuna masa bambanci, ta kuma hana ɗaure shi da sarƙa. Tun kafin wannan, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke bukatar taimakon gaggawa, ko da wane dalili. Tun 1991 ma manufar Gwamnatin Tarayya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin ƙananan asibitoci na unguwanni da ƙauyuka. Takardu dai sun cika. Abin da ya rage shi ne su sauko daga kan tebur su isa Dilimi.

Kuma ba sai an je ƙasar waje neman abin koyi ba. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta, inda marasa lafiya suke zama a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, ana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya. Duniya ta yaba da wannan tsari, shi kansa Lambo ya kai ga zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A 2020 kuma aka buga sakamakon wani gwaji da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi ta Ghana, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa ziyartar gidajen masu maganin gargajiya da na addu'a suna duba majinyatansu. Waɗanda aka yi wa haka sun fi samun sauƙi. Abin da ya yiwu a Ibadan zai yiwu a Jos.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Wajibi ne Gwamnatin Jihar Filato ta sa masu taɓin hankali mai tsanani cikin sahun gajiyayyun da ake biya wa inshorar lafiya a ƙarƙashin hukumarta ta PLASCHEMA, ta kuma horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci a duk ƙananan hukumomi 17, yadda mutumin Wase zai karɓi maganinsa a kuma auna jininsa a garinsu. Manyan asibitocin Jos su mai da shi ƙa'ida cewa duk wanda ya zo sashen ƙwaƙwalwa sai an auna nauyinsa da hawan jininsa, a duba sukarinsa aƙalla sau ɗaya a shekara, duk wanda kuma ya zo ɗakin gaggawa a rikice sai an bincika jikinsa kafin a tura shi wani sashe. Sikeli da na'urar awon jini ba su ne za su karya baitulmali ba.

Malamai da limaman coci da masu maganin gargajiya, waɗanda jama'a suka fi amincewa da su, su sani addu'a ba ta yi hannun riga da asibiti ba. Wanda aka kawo musu da zafin jiki, ko tari, ko rauni, ko kumburin ƙafa, su ce a kai shi likita tukuna. Su kuma kwance sarƙa, domin yanzu doka ta hana.

Su kuwa 'yan'uwa mazauna Kudu, nauyinsu ya fi na kowa sauƙin ɗauka, domin ba ya jiran majalisa. Mai aika kuɗin magani ya ware wani abu ya ce wannan na awo ne, ya kuma nemi a karanta masa sakamakon ta waya. Ya tambayi ranar da likita ya ga marar lafiyar da idonsa, ba ranar da aka sayo magani a kanti ba. In an ce yana tari fiye da mako biyu, ya sa a kai shi gwajin tarin fuka, wanda maganinsa kyauta ne a cibiyoyin hukuma. Dangi su zaɓi mutum guda su ɗora masa jinyar, su kuma biya shi yinin da ya rasa a kasuwa, domin jinyar da aka bar wa kowa ba ta da mai yi. Wanda yake da hali ya yanka wa ɗan'uwansa katin inshora.

Sarakunan Hausawa na zango-zango, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan gwari da na mahauta da na direbobi, su kafa ƙa'ida cewa ba za a ɗora wanda ya rikice a mota ba sai likita ya gan shi. Babban asibiti mafi kusa ya isa a fara da shi, ga kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba ta Legas, da Aro, da Uselu ta Benin, da Inugu da Kalaba. Kuɗin karo-karon da ake ba direba ya isa yankar kati da gwajin jini. In likita ya ce ya iya tafiya, sai a haɗa shi da takardar bayani da ɗan rakiya har ƙofar gidansu.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Taɓin hankali ciwo ne da ke iya samun malami da ɗan kasuwa, mai kuɗi da talaka, kuma ba wanda ya karɓi takardar tsira daga gare shi. Wanda ya samu kansa a ciki bai daina jin zafin haƙori ba, bai daina jin sanyin Jos ba. Saboda haka duk wanda zai buga waya gida a wannan mako ya tambayi jikin wane, kada ya tsaya a kan ko yana barci, ko ya daina faɗa. Ya tambaya ko yana tari, ko ƙafarsa ta kumbura, da kuma yaushe rabon da a auna jininsa. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri, amin.